Daga Bakin Gado Zuwa Bayan Gida: Kare Tsofaffinmu Daga Faɗuwa

Na san wasunmu sun baro tukunya a kan wuta ne, saboda haka ba zan ja ku da nisa ba. An ba ni 'yan mintoci kafin a buɗe akwati in yi magana a kan wani abu da ba mu cika ɗaukarsa zancen adashi ba, amma ni ya taɓa cinye mini tarin shekara guda cur, har da akuyata biyu.

Bari in fara da tambaya. A cikinmu wace ce take da tsoho ko tsohuwa a gida? Uwa ce, ko uwar miji, ko kaka, ko wata goggo da ake riƙo, duk ɗaya ne. Ku ɗaga hannu. To kun gani, kusan dukkanmu ne. Wace ce kuma tsohon nata ya taɓa faɗuwa a cikin shekarar nan? Hannuwa sun ragu sosai. Ni dai ban yarda da raguwar nan ba, kuma in kun ji labarina za ku gane dalili.

Mahaifiyar maigidana, Inna muke ce mata, tare muke zaune. Lokacin da abin ya faru ta haura shekara saba'in, amma da ƙwarinta. Ita ke kiwon kajinta, ita ke tsinke zogalenta, in an yi haihuwa a unguwa ita ce ta farko a wajen barka. Wata asuba cikin damina, an kwana ana ruwa kuma babu wuta, ta fito za ta kewaya ta ɗauro alwala. Buta a hannu ɗaya, ɗaya hannun ta tattare zani. A bakin rariyarmu akwai wani wuri da ruwa ke kwanciya, gansakuka ta yi masa kore shar, kullum ina cewa gobe zan kankare. Silifas ɗinta kuwa ƙasansu ya cinye ya yi sumul kamar faranti. Tana ɗora ƙafa a wurin, sai ƙasa.

Ba ta yi ihu ba. Ni ce na fito zan hura wuta na tarar da ita kwance a cikin ruwa, jiki na ɓari. Abin da ta fara ce mini shi ne, "'Yar nan, kar ki tashi mutane, kama ni kawai in tashi." Ni da babban ɗana muka ciccibe ta muka kai ta ɗaki, tana cije leɓe. Wannan shi ne kuskurenmu na farko. Na biyu, muka ce targaɗe ne, aka kira maɗori ya yi ta murza yana ɗaurewa har sati biyu, ƙafa ba ta taku. Da aka gaji aka kai ta asibiti, hoto ya nuna ƙashin cinya ne ya karye daga can sama, wajen da yake haɗuwa da ƙugu. Aka yi aiki. Ta yi wata huɗu ba ta iya zuwa ko'ina sai an ɗaga ta.

A wata huɗun nan na ajiye tuyar awarata, don ba mai jinya sai ni. Rabon da na samu a ƙungiya ya tafi a kuɗin aiki da magani da mota. Na ci bashi a akwati, na sha wuya kafin in biya. 'Yata ta rasa kusan zango guda a makaranta saboda ita ke zama da Inna in na fita. Duk wannan da sauƙi a kan abin da ya sami Inna kanta. Matar da ba ta zama wuri ɗaya ta koma sai an kawo mata fo, sai surukarta ta yi mata tsarki. Ku da kuka san kunyar da ke tsakanin uwar miji da matar ɗa, kun san abin da nake nufi. Kullum in ina gyara ta sai ta juya fuska bango.

Wata rana ina shafa mata man zafi ta ce da ni, "Ai wurin nan sau biyu yana kayar da ni kafin wannan." Na ce, "Haba Inna, me ya sa ba ki faɗa ba?" Ta ce, "In faɗa ku ce na tsufa, ku hana ni fita?"

Shi ya sa na ce ban yarda da raguwar hannuwanku ba. Tsoho yana faɗuwa ya kakkaɓe jikinsa ya yi shiru. Wanda kuwa ya faɗi sau ɗaya ya fi kowa kusa da sake faɗuwa.

Na san abin da ake cewa: tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, mun yarda da ƙaddara. Amma da na kankare gansakukar nan ranar da na fara ganinta, shi ma cikin ƙaddarar ne. Kuma abin ba a gidana kaɗai yake ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 684,000 ne ke mutuwa duk shekara ta sanadin faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin namu. Bayan haɗarin mota, babu wani haɗari da ke kashe mutane kamarsa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ya fi ɗauka. A cikin masu shekara 65 zuwa sama, kusan mutum ɗaya cikin uku yana faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara. Ku lissafa da tsofaffin unguwar nan ku gani.

Me ya sa yaro zai faɗo daga kan katanga ya tashi da gudu, tsohuwa kuma ta zame a tsakar gida ta karye? Ƙashi ne. Ƙashin mutum yana raguwa da shekaru, cikinsa ya yi ramuka kamar soson wanka. Mu mata abin ya fi tsananta a kanmu, domin da zarar al'ada ta ɗauke, sinadarin jikin mace da ke riƙe ƙarfin ƙashi yana ja baya, ƙashin ya yi ta zaizayewa ba ciwo ba alama. Wuraren da suka fi karyewa su ne wuyan hannu, saboda dafa ƙasa, da ƙashin baya, da ƙugu. Na ƙugun shi ne mugun. Ba karayar kaɗai ke kayar da tsoho ba, kwanciyar da ke biyo baya ce: gyambon kwanciya, ciwon huhu, daskarewar jini a ƙafa, ga naman jiki yana narkewa. Da yawa daga wannan kwanciyar ba su ƙara tashi. Mu da muka doshi hamsin kuma kar mu ɗauka zancen wasu ake yi. In gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, ka shafa wa naka ruwa.

Yanzu ga abin da nake so kowace ta yi in ta koma gida yau. Ba kuɗi zai ci ba. Bayan sallar isha'i, in an kashe fitila, ki je bakin gadon tsohuwarki ki tsaya. Daga nan ki taka a hankali zuwa bayan gida, ki dawo wurin alwala, ki koma ɗaki. Ki yi tafiyar kamar idonki ba ya gani sosai, gwiwa na ciwo, kuma fitsari ya matse ki. Wannan 'yar tafiyar, da ba ta fi taku ashirin ko talatin ba, ita ce tsoho ke yi cikin duhu, da magagin barci, yana sauri, wani lokaci sau uku a dare ɗaya. In kika gyara ta kin rage babban kaso na haɗarin.

Da na yi wannan tafiyar a gidana, kunya ta kama ni. Tun daga ɗaki na fara cin karo. Gadon Inna dogo ne na ƙarfe, ƙafarta ba ta kai ƙasa in ta zauna, sai ta zamo. Gidan sauro yana ja har ƙasa yana harɗe ƙafa. Ledar ɗaki ta yage a bakin ƙofa ta ɗaga baki. Tabarma ta naɗe a gefe. Dokin ƙofa mai tsayi, wanda aka ɗaga don kar ruwa ya shiga. A tsakar gida ga turmi, ga igiyar akuya ta gitta hanya, ga turken da aka cire dabba aka bar shi a kafe, ga takalman yara a watse, ga ledar fiya wata. Duk da rana ina wuce su ina tsallakewa ban ma san ina yi ba.

Gyaran mafi yawansu aikin yini ɗaya ne. Gado ya zama daidai yadda in ta zauna tafin ƙafarta zai taka ƙasa sosai. Wadda ke kwana a katifa a ƙasa kuma tashi yana mata wuya, a ɗaga mata shi. A yanke ledar da ta yage ko a manne ta. A shafa wa dokin ƙofa farar ƙasa ko farin fenti don ido ya riƙa kama shi. A canja wa akuya turke. A kafa wa yara doka: kafin a kwanta sai an share hanyar kaka, kuma a ba wa yaro ɗaya wannan aikin da sunansa, don in aka ce na kowa ne ba mai yi. Ruwan wanke-wanke, ruwan omo, musamman ranar da aka yi miyar kuɓewa ko karkashi, kar a watsa a hanya, a kai shi rariya.

Haske kuwa kar a dogara da wutar lantarki, kun san halinta. Tocila a ƙarƙashin matashin kai tana da amfani, amma tana cin hannu ɗaya, buta ta ci ɗayan, to da me za ta dafa bango? Gara ƙaramar fitilar sola da za a rataye a hanyar bayan gida ta kwana a kunne, a kuma ajiye mata buta cike da ruwa can a ƙofar bayin tun da dare, ta tafi hannu sake.

Bari in daɗe kaɗan a bayan gida, domin nan ne uwar matsalar. Wuri ne mai ruwa, mai sabulu, mai duhu, kuma wurin da tsoho ba zai taɓa kiran wani ya taimake shi ba. Masu gyaran gida yanzu kowa tayil yake so, mai sheƙi. 'Ya'ya su yi kuɗi su zo su shimfiɗa wa uwarsu tayil har banɗaki don a ga sun kyauta mata, ba su san tarko suka ɗana ba. Tayil mai sheƙi in ya jiƙe ko matashi sai ya yi da gaske. In za a sa, a nemi mai kaushi. In siminti ne, a ce wa magini kar ya goge shi sumul, ya bi shi da tsintsiya kafin ya bushe. Wanda ya riga ya yi santsi a sassare shi, kuma duk sati a kankare gansakuka da burushi da yashi ko toka, musamman da damina.

Sai abin kamawa. Tsugunno ba shi ne wahalar ba, tashin ne. Tsohuwa ta tsuguna, gwiwa ta ƙi, ta kama ƙofar langa-langa ko bokiti ta ja, abin ya biyo ta. A sa mai walda ya lanƙwasa ƙarfe a kafa shi a bango da siminti, daidai inda hannunta ke kaiwa in tana tsugune. In bangon ƙasa ne ba zai riƙe ba, sai a kafa ƙaƙƙarfan itace ko bututun ƙarfe a ƙasa a zuba masa siminti. Ki gwada da nauyinki duka kafin ki ce mata ta kama. Wadda tsugunnon ya gagare ta gaba ɗaya, kafinta zai iya yin kujera mai rami a tsakiya a ɗora a kan masai. A sa mata wata kujerar ta zama wajen wanka da alwala, domin wanke ƙafa a tsaye, ƙafa ɗaya a sama, ya kayar da mutane da yawa. Kuma sakatar ciki ta zama wadda za a iya buɗewa daga waje in wani abu ya faru. Da dare kuwa, wadda ta yarda, a ajiye mata fo mai murfi a ɗaki. Wata ba za ta yarda ba, kar a tilasta mata, a dai gyara hanyar.

Takalmi da sutura a taƙaice: ku juya silifas ɗin tsofaffinku yau ku duba ƙasansu. In ya cinye, a jefar. Takalmi mai kama dunduniya ya fi, mai ƙasan roba. Safa a kan leda ko tayil lokacin hunturu santsi ce. Zani da hijabi kar su riƙa jan ƙasa.

To, wannan na gida ke nan. Akwai kuma na jiki, wanda tsintsiya ba ta sharewa.

Ido shi ne na farko. Tsohuwa za ta ce miki hazo take gani, mu ce tsufa ne. Sau da yawa yanar ido ce, kuma ana cire ta da ɗan gajeren aiki mutum ya dawo yana gani. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitocin ido a Kano da sauran manyan garuruwa, kuma akan yi aikin ido kyauta lokaci-lokaci, mu riƙa kasa kunne muna gaya wa juna. Abin da nake roƙo, kar a kai ta wajen masu kwantar da yana da tsinke a gida. Idanu da yawa sun tafi ta wannan hanyar.

Na biyu jiri. Akwai tsofaffin da in suka miƙe zumbur daga kwance jininsu ke sauka, ido ya yi duhu na ɗan lokaci. Yana yawan samun masu shan maganin hawan jini, da wanda bai sha ruwa sosai ba, da lokacin zafi, da lokacin azumi. Maganinsa a koya musu tashi kashi uku: ta farka ta zauna a bakin gado, ta motsa ƙafafu ta yi addu'arta ta tashi daga barci, sannan ta miƙe ta tsaya dafe da wani abu, sai ta ji kanta daidai kafin ta ɗaga ƙafa. Kiran sallah ba zai wuce ta ba saboda minti ɗaya.

Magunguna ma a sa musu ido. Maganin barci, maganin mura da na ƙaiƙayi masu sa gyangyaɗi, waɗanda muke saya a kemis ba tare da tunani ba, suna sa tsoho tangaɗi har washegari. Wani maganin hawan jinin yana sa yawan fitsari, in aka sha shi da yamma sai a kwana ana zarya. Mai ciwon suga in ya sha magani bai ci abinci ba sugansa na iya faɗuwa ya yanke jiki, kuma ciwon kan kashe jin tafin ƙafa har mutum bai san inda yake takawa ba. Ku ji ni da kyau: ban ce a daina shan magani ba. Wadda ta dakatar da maganin hawan jini da kanta tana neman shanyewar ɓarin jiki ne. Abin yi, a tattara duk abin da tsohuwa ke sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, a zuba a leda ɗaya a kai wa ma'aikacin lafiya, a ce masa tana jiri ko ta faɗi, ya duba. Kuma kar a hana ta ruwa don gudun fitsarin dare. Ta sha sosai da rana, ta rage in dare ya yi.

Yanzu zan faɗi wani abu da zai yi kama da na warware maganata. Bayan Inna ta fara samun sauƙi, tsoro ya kama mu duka. Ta miƙe mu ce, "Zauna Inna, me kike so a kawo miki?" Ta ɗauki tsintsiya mu karɓe. Muna ganin gata muke mata. Ma'aikaciyar da ke gasa mata ƙashi ce ta yi mana faɗa, ta ce ƙafar da ba ta aiki mutuwa take yi. Gaskiya ta faɗa. Tsohon da aka zaunar, naman cinyarsa ke narkewa, ranar da ya tashi dole kuma babu abin da zai riƙe shi. Abin da Inna ta ji tsoro tun farko, har ta ɓoye mana faɗuwarta, shi muka yi mata.

Saboda haka a bar su su motsa. Ta ba kajinta tsaba, ta tsince wake, ta taka zuwa maƙwabta, ta fito hantsi ta sha rana, don hasken rana yana taimaka wa jiki ya riƙe abin gina ƙashi. Abin da za a ɗauke mata shi ne hawa kan turmi ko kujera don ɗauko abu, da jan ruwa a rijiya, da ɗaukar kaya a ka. Kayan da take amfani da su kullum a sauko mata da su daidai hannu. Ga motsa jiki mai sauƙi da aka koya mana: ta zauna a kujera mai ƙarfi da aka jingina da bango, ta tashi, ta koma ta zauna a hankali, kamar sau biyar zuwa goma, safe da yamma. Ta dafa bango ta ɗaga dugaduganta ta sauke. Ta dafa ta tsaya da ƙafa ɗaya kaɗan, ta canja, wani na kusa da ita. In jikoki suka shiga ana yi ana dariya, ta fi yarda. Abinci kuma kar ya zama koko da tuwo kaɗai: a haɗa da nono, wake, awara, ƙwai in ya samu, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, zogale, riɗi, kunun tamba.

Sanda ba abin kunya ba ce, amma a yanke ta daidai: in ta tsaya ta saki hannu, kan sandar ya zo daidai wuyan hannunta. A sa mata roba a gindi, ko guntun taya ne, don kar ta zame. Kuma ana riƙe ta ne a hannun da ke ɗaya ɓangaren ƙafar mai ciwo. Wadda tashi daga sujada ke sa ta tangaɗi, a tambayi malami ya yi mata bayani da bakinsa, addini ya yi sauƙi ga wanda tsayuwa ta gagara ya yi sallah a zaune. Daga bakin malam za ta fi karɓa a kan daga bakinki.

Wannan ya kawo ni ga yadda ake faɗa musu. Ki je ki ce wa uwar mijinki, "Inna kin tsufa, ga sanda," kin gama ɓata lamarin. Ni da aka kafa ƙarfe a bayi cewa na yi saboda ni ne, bayana ke ciwo tun haihuwar auta. Ba a yi kwana uku ba na ji tana gaya wa maƙwabciya irin daɗinsa. In magana ta yi nauyi a bakinki, ki bi ta wajen ɗanta, ko 'yarta, ko jikan da take wasa da shi. Jika zai ce, "Tsohuwa, kin kusa kayar mana da gida jiya," ta yi dariya ta faɗa masa gaskiya. Abu uku kike son ki sani: ta faɗi a cikin shekarar nan? Tana jin tangaɗi in tana tsaye ko tana tafiya? Tana tsoron faɗuwa? In ta amsa ɗaya daga ciki, a kai ta a duba ta. Tsofaffi maza ma haka, sun ma fi ɓoyewa. Baba zai faɗi a hanyar masallaci da asuba ya ce wa kowa ƙaya ce ta soke shi.

In kuma Allah ya kawo tsautsayin, kar ku yi irin nawa. Kar a yi saurin ciccibar mutum. Ki durƙusa kusa da ita, ki yi mata magana, ki tambayi inda ke ciwo. In tana kukan ƙugu ko makwankwaso, in ƙafa ɗaya ta gajarce ko ta juya waje, in ta kasa taka ta, a ɗauka karaya ce. A rufa mata zani, a nemi mutum uku ko huɗu a ɗauke ta a shimfiɗe a kan katako ko ƙyaure, a tafi asibitin da ke da hoto. Ba ina raina maɗora ba ne, amma ƙashin ƙugu yana can cikin nama, hannu ba ya kai masa, kara ba ya ɗaure shi, kuma kowace rana aka ƙara a gida aikin na ƙara wuya. Mu nan arewa muna da asibitin ƙashi na Dala a Kano, manyan asibitocin jihohi ma suna da sashen ƙashi. In tana kukan wuya ko tsakiyar baya, ko ta ce ba ta jin ƙafafunta, kar a lanƙwasa ta ko kaɗan.

In kai ya bugu, ko babu jini a kai ta a duba, musamman mai shan maganin tsinka jini. Sannan a sa mata ido har makonni, domin jini na iya taruwa a cikin kan tsoho a hankali. Ciwon kai mai ƙaruwa, amai, yawan barci, rikicewa, magana ta canja, duk na komawa asibiti ne nan take, kar a tsaya cewa iska ce ko ruɗewar tsufa. In kuma kin ga baki ya karkace ko hannu ɗaya ya saki, wataƙila ba santsi ne ya kayar da ita ba, shanyewar ɓarin jiki ce, wannan ba a kwana da shi.

Wadda ba ta ji ciwo ba, a bar ta ta huta, sannan ta juya gefe, ta durƙusa a kan gwiwa da hannu, ta rarrafa zuwa kujera ko gado, ta dafa, ta kafa ƙafa ɗaya, ta ɗago ta zauna. Ke tallafa mata kawai za ki yi, kar ki ja ta ta hannu. Yana da kyau a gwada wannan da ita tun lafiya lau. Mai kwana ita kaɗai a ɗaki kuma a sa jika ya riƙa kwana da ita, ko a ajiye mata waya ko wani abin bugawa kusa da shimfiɗa.

Saura zancen kuɗi, tunda shi ya tara mu. Fitilar sola ƙarama, takalmi, ƙarfe guda, kujerar kafinta, ɗan siminti: duka in aka haɗa ba su kai abin da na kashe a mota kaɗai zuwa asibiti da dawowa ba. Asusun tallafinmu muna buɗe shi ne in abu ya riga ya faru, a kai wa mai jinya gudummawa. Ina ba da shawara, shugaba, mu duba dokarmu ko za a yarda mace ta karɓi ɗan ƙaramin rance don irin wannan gyaran, ta biya a hankali. Ƙungiya ce ke da ikon yanke wannan, ba ni ba. Kuma in mu goma muka je wajen mai walda ɗaya da kafinta ɗaya, farashin ba zai zama na mutum ɗaya ba. Mu kuma tuna wa mazajenmu da 'yan uwansu cewa uwarsu ce, su ma su sa hannu a aljihu.

Inna tana nan da ranta, tana tafiya da sanda, ta koma kiwon kajinta, sai dai ba ta ƙara zuwa barka da ƙafarta ba. Da na ce mata zan ba da labarinta a taro, cewa ta yi in faɗa, amma kar in ce ta tsufa.

Sati mai zuwa kafin a fara zubi, kowace za ta gaya mana abin da ta ci karo da shi a tafiyarta ta dare, da abu ɗaya da ta gyara. Sakatariya, a rubuta sunayen masu son ƙarfen bayi yau, don in san adadin da zan kai wa mai walda. Masu makulli, bismillah, a matso da akwati.